Kunnen Shu'aibu Mai Faci

Duk direban da ke bin hanyar Garwa zuwa Ngaundere ya san Shu'aibu mai faci na garin Ngong. Ba don kyan rumfarsa ba, don wallahi rumfar nan ko akuya sai ta yi shawara kafin ta fake a ciki. Kunnensa aka sani. Sauran masu faci sai sun tsoma tub ɗin taya a bahon ruwa suna jiran kumfa, shi kuwa kara shi yake yi a kunnen dama, ya lumshe ido, ya ɗora yatsa a kan hujin. Shekara talatin bai mallaki baho ba, kuma bai bar masu baho sun huta ba. "Wanki kuke yi ko faci?" Haka yake tsokanarsu kullum.

Kakansa bafatake ne daga Kano, amma shi ciniki bai karɓe shi ba, kunnen nan kaɗai Allah Ya ba shi. Matarsa Kaltumi ta fi kowa sanin haka. Ko tsinke ta gan shi zai sosa kunnen da shi sai ta fizge. "Malam, kunnen nan shi ne tukunyarmu fa."

Shu'aibu na da wasu halaye biyu. Ba ya ganin ƙarfe ya ƙyale shi bai shafa masa mai ba. Sannan ga gardama, musamman da maƙwabcinsa Laurent, bakaniken manyan motoci. Laurent ya sha gaya masa cewa injin babbar mota ba shi da buji, wato fulogi, iska ce ake matsewa farat ɗaya, ta yi zafi har ta kunna gazuwal, wato man dizal. Shu'aibu sai ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Laurent! Ina matsa iska tun kana goye. Iskar da ke kashe fitila, ina ta ga wuta?"

Kaltumi na da 'yar gonar shinkafa a Lagdo, tsuntsaye jan-baki suka sa ta a gaba. Shekarun nan ne da arewa ta rikice, ba mai gigin harba ko bindigar toka. Sai Shu'aibu ya haɗa tsohon bututu da tankin iska, ya yi wani abu mai cilla busasshen curin laka ya tarwatse a tsakiyar tsuntsaye. Ƙararsa ba ta wuce "fush" ba, shi ya sa mutane suka raɗa masa suna Atishawa. Kaka biyu tana aiki, Shu'aibu na ta hura hanci.

Ranar wata kasuwa da hantsi yana gwada ta a bakin rumfa, curin ya maƙale a bututu. Da man gyaɗa ya saba shafe cikinta, to Kaltumi ta ɗauke kwalbar ta soya kifi. Ya leƙa garejin Laurent, bai same shi ba, sai ya ɗebo gazuwal ɗin da ake wanke ƙarafa ya tsiyaya. Ai mai mai ne, in ji shi. Ya ɗura wa tankin iska fiye da kullum. Sannan ya yi abin da ya yi duk rayuwarsa: ya kara kunnen dama a jikin bututun don ya ji inda iskar ke tokarewa, ya buɗe mata hanya.

Innalillahi! Ƙarar da ta tashi sai da kwanon rumfa ya ɗaga. Wuta ta yi tsartuwa, bututun ya tsage. Kasuwa ta watse, masu tallan gyaɗa suka zubar da faranti, wani direba ya bar motarsa a kunne ya faɗa gonar auduga. Kowa ya ɗauka tashin bama-baman da ake jin labarinsa a wajen Mora ne ya iso. Jandarmomi suka zo suka birkice rumfar, babu albarushi, babu ko ashana. Laurent ne ya sunsuna bututun, ya dafe kai, ya tsaya yana yi musu bayani da Faransanci cewa iskar da aka matse ce ta kunna gazuwal ɗin.

Shu'aibu na zaune a ƙasa, gemu ya babbake, jini na bin wuyansa. Yana ganin bakin Laurent na motsi, yana ganin Kaltumi ta taho a guje ba ko mayafi, bakinta a buɗe. Bai ji komai ba. Tsoron da ya kama shi a lokacin ya fi na ƙarar.

Likita a Garwa ya ce na dama ya tafi ke nan. Na hagu ya dawo, amma da wani fito a ciki da ba ya tsayawa. Laurent bai taɓa ce masa "na gaya maka" ba, ko sau ɗaya.

Bayan mako uku ya buɗe rumfa. Direban farko ya miƙo tub, hannun Shu'aibu ya kai shi kunnen dama da kansa. Ya lumshe ido. Shiru. Ya juya na hagu, fito kawai. Ya daɗe a haka, direban ya kawar da kai.

Kaltumi ce ta fito daga lungu da bahon wankinta a ka. Ta sauke a gabansa, ta juye ruwa. Masu facin da ke tsallaken titi duk suna kallo, ba wanda ya yi dariya. Shu'aibu ya naɗe hannun riga, ya tsoma tub ɗin, ya zauna jiran kumfa.