Ƙirjin Dobrila

A ƙauyensu da ke kudancin ƙasar Sabiya, kowa ya san inda irin tattasai yake fara tsira: a ƙirjin Dobrila. Idan Maris ya kama, ƙanƙara ta narke amma ƙasa na nan da sanyi kamar ƙarfe, sai ta naɗe iri a jiƙaƙƙen tsumma ta cusa cikin riga, ta kwana da shi ta tashi da shi har ya fasa. Tun tana amarya take haka. Na wasu matan yakan ruɓe, nata ko sau ɗaya.

Mijinta Milutin kuwa bai taɓa barin ta ta huta ba. "Kazata ta hau kwanci," in ji shi kowace shekara. "Matsa can, kada in fasa miki ƙwai." Amma fa bayansa na manne da nata har gari ya waye.

A tsakiyar hunturun bana aka binne shi. Dobrila ba ta yi kuka ba, kuma ba dauriya ba ce, kukan ne bai zo ba. Takan hura murhu, ta ci burodi da cuku, ta zauna. Ba ta jin yunwa, ba ta jin ƙoshi.

Ana nan, Maris ya kama, sai ga maƙwabciyarta Kosara ta shigo da tsumma biyu, ɗaya na irin furanninta, ɗaya ragowar irin tattasan da Milutin ya ba ta bara. Ɓeraye sun cinye na gidan Dobrila, wannan kaɗai ya rage a duniya.

"Tashi, maƙwabciya, aikinki ya zo."

"Sa a naki ƙirjin."

"Nawa? Haba! Ko man shanu ba ya narkewa a nan, tambayi tsohon banzan da nake aure."

"Ɗumin ba nawa ba ne, Kosara. Na Milutin ne. Zan kashe irin a banza."

"To kashe shi," in ji Kosara, ta ajiye ta fita.

Dobrila ta cusa tsumma biyun cikin riga don kawai ta rasa inda za ta ajiye su. Kwanaki suka shige. Ba ta duba ba, don ta riga ta san abin da za ta gani, har ta tanadi inda za ta zubar a bayan akurkin kaji.

Wata safiya tana sauya riga, tsumma ɗaya ya faɗo ya buɗe. Kowace ƙwaya ta fitar da 'yar farar wutsiya. Ta ɗaga ɗayan, shi ma haka.

Ta daɗe tana kallo. Ba murna ta ji ba, gajiya ta ji: sai an tankaɗe ƙasa, a dasa irin a gwangwanaye, a jera su a taga, a yi ta juya su suna bin rana har Mayu.

"Ashe nawa ne," ta ce.

Ta je neman rariya.