Halvard Myrseth, Wanda Ba Ya Cewa "An Jima Kaɗan"

Kowace safiya Halvard Myrseth yakan jingine kekensa a gindin hasumiyar filin jirgin garinmu, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Ya hau da gorar kofinsa da burodi mai jan cuku, ya leƙa duwatsun da suka kewaye mu, sannan ya maƙala abin sauraro a kunne, ya fara yi wa jirage jagorar tashi da sauka. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Fasinjojin da ya sauke lafiya ba su san sunansa ba. Ni Sunniva, mai tuƙa jirgin saman da ke zirga-zirga tsakanin tsibiranmu, zan faɗa musu.

Idan gajimare ya rufe, jirage suka taru, hasumiya takan jera mu a sama, wani bisa wani, kowa yana kewaya wuri guda har layi ya zo kansa. Sai a gaya wa matuƙi lokacin da zai fara sauka. Akwai masu cewa "an jima kaɗan" su wuce. Ban da Halvard. Zai ba ka lokaci, ya sa ka maimaita. Don tsiya matuƙa suke kiransa Agogon Coci.

A hunturuna na farko a kujerar kyaftin, lokacin da ake raɗa cewa ni 'yar masunta ba zan kai bazara a kanta ba, ya ɗora ni saman layi, jirage uku a ƙarƙashina.

"Biyu da kwata, Sunniva. Maimaita."

Na maimaita. Ba a jima ba rediyonmu ta mutu. Ba ma ji, ba a jin mu. Ko fiffikenmu ba ma gani. Na kunna alamar da ke nuna wa hasumiya mun kurmance, muka ci gaba da kewayawa.

Kjell, mataimakina, ya girme ni sosai. Ya dubi ma'aunin mai, ya ce, "Mu sauka yanzu. Ai sun gan mu."

"Mu fa? Mun ga na ƙasanmu?"

"Haba, ke! Kan maganar tsohon nan za ki zauna?"

"A kanta zan zauna. Riƙe agogo."

Na sha wuya a hanyar nan, amma ban taɓa jin nauyi irin na wannan kewaye ba. Mutane suna bayana suna cin cakulan, ba su san komai ba.

Abin da ya faru a hasumiya, Gunvor abokiyar aikinsa ce ta ba ni labari. Halvard ya shiga janye jiragen nan daga hanyata ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshensu, wani tsohon kyaftin mai suna Terje, ya yi ƙorafi.

"Halvard, na fa riga ta zuwa."

"Terje, kana da kunne, kana da baki har ya yi maka yawa. Ita ba ta da ko ɗaya. Koma kan teku ka jira ni."

Gunvor ta ce duk tsawon lokacin bai daina yi mini magana ba, yana faɗa mini iska da yanayin titin sauka, ko da wata kalma za ta iso. Ba wadda ta iso.

Da lokaci ya cika na tura hancin jirgi cikin farin da ba a ganin komai. Muka fito ƙarƙashin gajimare, ga koren haske daga hasumiya, alamar izinin sauka.

Na hau na same shi yana zuba kofi.

"Da na sauko da wuri fa?" na ce.

"Da kin tarar da Terje."

"Ka san zan jira?"

"Ina zan sani? Ni ma abin da kika maimaita kaɗai nake riƙe da shi."

Halvard, kai ne muryar da ta riƙe ni a ranar da ban ji ta ba. Kai ne ka bar tsiyar matuƙa ta bi ta kanka, ba ka taɓa sassauta gaskiya don a so ka ba. Na gode, a madadina da na waɗanda suka sauka a ranar suna mitar an makarar da su.

Ku kuma da za ku gaji kujerarsa, duk wani lokacin sauka da za ku ba matuƙi, ku ba shi kamar shi ne abu na ƙarshe da zai ji daga gare ku. Ni a kansa na sauko da mutane cikin duwatsu.