Da Ƙaramin Na Zaɓa

Wata Asabar a damunar 2009, ina aji huɗu, Baba ya kama hannuna muka shiga shagon Alhaji Modu, ɗan Barno mai kayan gwanjo a kasuwar Mubi. Gyaran agogo Baba yake yi, amma hankalinsa na sama, ya daɗe yana burin mallakar madubin hangen nesa. Biyu Alhaji ya fito da su. Ɗaya ƙarami, a kafaɗa ake rataya shi, sai dai dishi-dishi yake nuna wata. Ɗayan bututu ne da ya fi taɓarya tsawo da kauri, mai ƙafafun ƙarfe uku, sai mutum biyu ke ɗaga shi. Baba ya juya wannan, ya shafa wancan, ya rasa na ɗauka, ya ce, "Halima, ke za ki zaɓa." Yaro da son babban abu, nan take na nuna bututun. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Yarinya ya san kaya, amma wannan ba ya tafiya fa."

A amalanke muka kai shi gidanmu a unguwar Yelwa, Inna na mitar an cinye mata wurin shanya. Duk jajibirin azumi, in na gama wanke-wanke na ɗaure awaki, maƙwabta sukan cika tsakar gidanmu neman jinjirin wata, mu yara mu watsar da 'yar gala-gala mu yi layi. Ranar da na fara ganin ramukan wata kuka na fashe da shi, na zaci watan lalacewa ya yi. Baba ya ce, "Kawo shi shago gobe in gyara miki."

Ƙarshen Oktoban 2014 harbi ya shigo gari. Baba ya dubi bututun ya ce duk mai bindigar da ya gan shi, ko na wane ɓangare ne, makami zai kira shi, gidan kuma ya sha wuta. Ɗauka ba ta yiwuwa. Ya ce mana, "Ku yi gaba, in binne shi in biyo ku." Muka bi ayari a ƙafa ta duwatsu zuwa Kamaru. Da muka dawo, rami muka tarar bayan ɗaki, an haƙa rabi, da shebur a ciki. Babu bututun, babu Baba.

Yanzu ƙaramin madubi gare ni, ina rataya shi in fita ni kaɗai, dishi-dishinsa ya ishe ni. Inna takan ce ajali ne, na kuma yarda. Amma har yau ina kewar Baba, kuma ban manta yatsan wa ya nuna babban ba.