A Cire Sunan Malam Isiyaku Daga Wasan Riga

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Isiyaku makwancinsa a Daura, kuma babu shekarar da ta wuce ban yi wa mutanen garinmu ƙorafin sun manta da shi ba. Na yi a zaure, na yi a wurin suna, na yi a bakin kasuwa, har abokai suka fara sauya hanya in sun hango ni. Bana dai an tuna da shi. Wallahi da na san irin tunawar da za a yi masa, da na ja bakina na yi shiru.

Ga wanda bai san shi ba, malamin firamare ne, tare muka koyar, ajinsa na jikin nawa. Siriri ne, ba shi da hayaniya, amma in ya zauna a taro idonsa ba ya barin kowa. Shi ya shirya wasan kwaikwayon da mutanen Daura ke kira wasan riga, kuma bai taɓa rubuta shi a takarda ba. Yakan kwashe mu ne mu je ɗaurin aure, mu raɓe a gefe, ya ce mu bar kallon fuska, mu dubi gwiwoyin mutane. Wa ake durƙusa wa har ƙasa, wa ake ɗan rusuna wa, wa ake miƙa wa hannu ido na wani wuri. In mun dawo makaranta sai kowa ya kwaikwayi abin da ya gani.

Labarin wasan ba shi da tsawo. Wani talaka, Tanko, ya ari babbar riga wurin maƙwabcinsa don ya je suna. Da isarsa aka tashi aka ba shi wuri a kan darduma, dattawa suka zube suna ranka ya daɗe, ana neman shawararsa a kan farashin gyaɗa, shi da ko gona ba shi da ita. Mai rigar ya biyo baya da 'yar taguwarsa, aka zaunar da shi wajen takalma. Can sai aka aiko ana nemansa da gaggawa a wani wuri, dole ya karɓi rigarsa nan take. Tanko ya tuɓe a tsakiyar taro, ya tsaya da yagaggiyar singileti. To, a nan wasan yake. Ba wanda ke cewa uffan. Waɗanda suka durƙusa sai su riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya karkaɗe gwiwa, wancan ya yi kamar carbinsa ne ya faɗi yake nema. Ni nake fitowa a Tanko, kuma daga inda nake tsaye ina jin yadda dariyar 'yan kallo take tashi da ƙarfi, sannan ta riƙa lafawa, don kowa ya tuna wanda ya durƙusa wa jiya.

Malam yana da ƙa'ida guda da ba ya sassautawa: rigar sai ta zama ta aro da gaske. A lokacin duk mai riga ta kirki a Daura an san rigarsa, an san aikin wuyanta, an san mai wankin da ke buga ta. Ina fitowa fili sai ka ji ana raɗa, ai rigar wane ce. Yawancin masu ba da aron da su ake dariyar, wasu ma har roƙo suke a zo a ari tasu.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Ba zan kama sunansa ba. Ma'aikaci ne a lokacin, kuma maganarsa tana da nauyi wajen tura malamai garuruwa. Da fara'arsa ya ba da rigar, ya zo ya zauna a gaba. Yana da wata irin hanya ta jefa hannun riga a kafaɗa yana ɗaga haɓa, kowa ya san ta. Son burgewa ya ɗebe ni, na yi ta a fili sak, wuri ya kaure. Malam bai sa ni ba, bai ma san zan yi ba. Amma da aka tambaya, cewa ya yi wasansa ne, duk abin da ke ciki nasa ne. Kafin zangon karatu ya ƙare an tura shi wani ƙauye can bayan Mai'adua, a bakin iyaka, inda ba asibiti ba hanyar kirki. Damina biyu ya yi, tari ya kama shi. A bayan motar gyaɗa aka dawo da shi, lokacin magani ya riga ya wuce. Ya bar matarsa Hajara da 'ya'ya uku. Ni kuwa ko kira na ba a yi ba, na ci gaba da aikina a cikin gari har na yi ritaya.

Sai kuɗin man fetur suka zo. Kun dai ga abin da na gani. Wanda bara yake kan keke bana yana cikin mota, gilashi a rufe. Mutumin nan da ya sa aka tura Malam ƙauye ya ajiye aiki ya shiga kwangila, ya je Makka ya dawo Alhaji, kuma shi ya gina sabon ɗakin taron da aka buɗe bayan Sallah. Aka ce a yi wasan gargajiyar gari a bikin buɗewa. Wani matashin malami, Nasiru, ya same ni a ƙofar gida ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba, an ce kai kaɗai ka rage da ka riƙe wasan nan a ka."

Gaskiya ya faɗa. Sauran wasu sun rasu, wasu sun bi aiki Kaduna da Ikko. Na san wanda zai ɗauki nauyin bikin, kada wani ya ce an yaudare ni. Na dai gaya wa kaina cewa wannan ce damar da na daɗe ina jira. Sharaɗi ɗaya na kafa, a rubuta sunan Malam Isiyaku da manyan baƙaƙe, a kuma faɗe shi a lasifika. Washegari aka ce Alhaji ya yarda. Saurin yardar nan ya kamata ya tsorata ni, amma murna na yi.

Mako shida ina koya wa yaran, kuma suna da kai. Ana saura kwana kaɗan sai ga ɗinkakkun riguna na shadda daga Kano, kowane ɗan wasa da tasa, har Tanko, har mai zama wajen takalma. Na tambayi Nasiru, in kowa ya sa shadda, wane ne talakan? Ya sosa ƙeya ya ce manyan baƙi za su zo, Alhaji ba ya son a nuna musu tsumma a ce Daura ce. Bayan kwana biyu kuma aka ce tuɓe riga a gaban manya bai dace ba. Aka sake ƙarshen. Yanzu mai rigar zai miƙe ya ce ya bar wa Tanko ita kyauta, maroƙi ya shigo yana kirarin masu hannu da shuni. Na yi faɗa sosai, amma a gida, a gaban matata. A gabansu "to" na ce. Ni ma an aiko mini da tawa rigar har gida, kuma na karɓa.

Ranar biki da la'asar ɗaki ya cika, injin wuta yana ruri, an kunna fitilu alhali rana na waje. Ga sunan Malam a farin ƙyalle, kamar yadda na nema. 'Yan wasa suka fito kowa na sheƙi, ba mai iya cewa ga mai aro ga mai ba da aro. An yi dariya sau ɗaya, da wani yaro ya zame a kan sabon siminti. Da maroƙi ya shigo sai manya suka tashi suna liƙa wa Tanko sababbin naira a goshi. Alhaji ya karɓi lasifika ya ce marigayi abokinsa ne, shi ma ya taɓa ba shi aron riga. Bai yi ƙarya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Daga nan aka kira ni in yi jawabi. Hanyar ta bi ta gaban kujerarsa. Ba wanda ya taɓa ni, ba wanda ya yi mini alama. Na dai ji gwiwata a ƙasa, bakina yana cewa ranka ya daɗe. Da na hau sama na yi godiya ga wanda ya raya al'adunmu, na sauko ana tafi.

Daga saman nan na hango Hajara. Ni na je har gida na gayyace ta. Ta zo da tsohuwar atamfarta, mai tsaron ƙofa ya dube ta ya tsayar da ita a baya, ba kujera. A tsaye ta kalli wasan mijinta. Da aka watse na kutsa na same ta.

"Yaya Hajara, kin ga yau an tuna da Malam."

"Na ji an faɗi sunansa," in ji ta. "Wasan wa aka yi?"

Tun ranar nake tambayar kaina me zai ce da yana nan. Ba na jin zai yi fushi, ba halinsa ba ne. Raɓewa zai yi a gefe yana kallo, don abin da ya yi shekaru yana tattarowa ɗai-ɗai a wuraren biki, ga shi an tara masa a ɗaki ɗaya, har da amininsa a ciki. A zamaninsa mutum yakan ji kunya in an kama shi yana gaida riga. Yau wanda bai gaishe ta ba ake yi wa kallon mara wayo. Ban san yadda ake yi wa irin waɗannan mutane wasan barkwanci ba, kuma ina tsammanin shi ma sai ya daɗe yana tunani.

Abin bai tsaya nan ba. Nasiru ya rubuta wasan kamar yadda aka yi shi ranar, za a buga, za a zagaya da shi makarantu, Zango, Mai'adua, har ƙauyen da Malam ya kwanta ciwo. Yaran da ba su san shi ba za su tashi da sanin cewa Malam Isiyaku shi ne wanda ya shirya wasan yabon masu kuɗi. Na koma wurin Nasiru na roƙe shi a cire sunan. Ya ce takardu sun riga sun tafi wurin bugawa, kuma Alhaji yana son sunan a jiki.

Me ya rage na Malam? Bai bar littafi ba, bai bar gida mai bene ba. Ya bar 'ya'ya uku da uwarsu ta rena da sana'ar ƙuli-ƙuli, ya bar wasu tsofaffi a cikin gari waɗanda har yau in sun zo durƙusa wa wani sukan ɗan yi jim. Ya kuma bar wasansa a kaina amana, sau ɗaya aka nema na miƙa. Shi ya sa na rubuto. In wasan nan ya zo garinku, ku kalla in kuna so, amma ku gaya wa 'ya'yanku ba na Malam Isiyaku ba ne. In dole sai an sa suna, a sa nawa, ni na ce "to". Allah ya jiƙan Malam. Na gaji da roƙon a tuna da shi, yanzu roƙona a ƙyale shi.