Allon da Kawu Ya Wanke

Jiya na ji ƙamshin tawada a Hayin Banki, sai marigayi Kawu, malamina, ya faɗo mini a rai.

Shekarar da motoci suka koma hannun dama na shiga zaurensa, bayan aikin ofis ya raba ni da hadda shekara shida. Ya ce, "Karanta." Aya uku na kawo, na kakare. Ina jiran faɗa, sai ya ɗauko tsohon allona ya wanke, ya miƙo mini.

"Ɗana, zauna ya bushe. Daga farko za mu ɗauko."

Bai ga saukata ba. Allah Ya wanke Kawu tas, kamar allon nan.