Rabin Aikin Yaya

A gyara zama, a rage rediyo, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Zan gabatar muku da Babbar Likitar Wuya, Uwar Ɗakin Maƙogwaro, wadda ba a yi wa gardama in ta riƙe wuƙa, wato yayata, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ne autan gidanmu. Ita ta cinye duk karatun da aka raba mana, ni kuwa kowace makaranta na shiga ta ƙofa sai in fita ta taga. Shi ya sa nake zaune a ɗakin baƙinta, ina jan motarta kafin Allah Ya kawo abin yi.

Aikinta cire maƙoƙo, kumburin nan da ke fitowa a gaban wuya. Abin dariyar shi ne, tun tana yarinya Yaya ba ta da magana. Mama ta ce har leƙa ta take yi a ɗaki don ta tabbatar tana numfashi. Sai ga shi ta ƙare a kan binciken murya.

Sau ɗaya ta taɓa yi mini bayani, a mota, idonta a rufe. Wai a bayan maƙoƙo akwai jijiya siririya kamar zaren ɗinki, ɗaya a dama ɗaya a hagu, su ke motsa murya. In ɗaya ta ji rauni, murya ta dishe. In duka biyun ne, har numfashi sai ya gagara. A ɗakin tiyata tana da wata na'ura: ta taɓa jijiyar da ɗan tsinke, in lafiya take na'urar ta yi ƙara, in ta wahala ta yi shiru. Bincikenta shi ne bibiyar waɗanda na'urar ta yi shiru a kansu, ta ga ko muryar tana dawowa.

Na ce, "Wato ƙararrawar ƙofa ce, ki danna ki ji ko da mutane a gidan."

Ta ce, "Auta, kalli hanya."

A tsaye take cin abinci. Takalmin asibitinta a mota yake kwana. Wayarta cike take da muryoyin marasa lafiya suna cewa "aaa", kafin aiki da bayan aiki, kuma su take kunnawa in tana wanke-wanke. Baƙo in ya shigo sai ya ɗauka awaki muke kiwo a kicin.

Ana haka aka kawo mata wata malamar firamare, maƙoƙo ya cika mata wuya dama da hagu. Ba ta tambayi ko za ta rayu ba. Cewa ta yi, "Likita, 'yan ajina ba su iya karatu ba tukuna, murya kawai suke ji. In ta tafi, ba ni da aiki."

Ranar aikin Yaya ta cire gefen dama, ta taɓa jijiyar, shiru. Ta duba wayoyin na'urar, ta sake taɓawa, shiru. Jijiyar ba ta tsinke ba, ta dai sha ja. Sai ta ɗinke wuyan, ta bar gefen hagu da maƙoƙonsa, don in shi ma ya yi shiru sai dai a huda wa Malama wuya ta riƙa numfashi ta nan.

Ina barandar asibiti da makullin mota a hannu lokacin da mijin Malama ya tare Yaya.

Ya ce, "Likita, mun kawo miki aiki kin yi rabi? Ko tela ba ya ɗinka hannu ɗaya ya ce a zo a karɓi riga."

Ta yi masa bayani a tsanake, har ta zana wuya a bayan kwalin magani. Shi dai rabin yake gani. Malama ta farfaɗo da murya kamar ana raɗa cikin bargo. Aka sallame su, ba su dawo ranar da aka ce su dawo ba.

Yaya ta yi ta kira. Kullum mijin ke ɗauka.

"Da sauƙi, mun gode."

"Don Allah a ba ni ita, muryarta nake so in ji."

"Tana hutawa."

Makonni suka wuce a haka. Yaya ta ƙara shiru, abin da ban taɓa zaton zai yiwu ba. A mota sai ta kunna "aaa" ɗin Malama na kafin aiki, ta kashe, ta sake kunnawa. Na daina tsokanarta ma, kuma ni in na yi shiru, to abu ya kai.

Wata safiya muna hanyar asibiti ta ce in juya, in bi ta bayan gidan mai. Muka tsaya a gindin katangar wata makaranta. Na ce mu shiga mu tambaya. Ta ce a'a, in Malama ba ta dawo aiki ba, kada mu ja mata surutu a wurin shugabanta. Muka sauke gilashi muka zauna. Rana ta fara dukan mota, hayaniyar yara kamar kasuwa, kan Yaya ya fara rinjaya kan kafaɗarta.

Can sai wata murya ta tsallako katanga: "Kai mai jar jaka, sauko daga kan bencin nan kafin in iso!"

Yaya ta buɗe ido. Muryar ta ci gaba, tana jan yara haruffa suna amsawa, tana ɗan karcewa a ƙarshe, amma ta fi ƙarfin ajin duka.

Na ce, "Ita ce?"

Ta gyaɗa kai.

Ai nan da nan bakina ya buɗe. Na dafa ƙirji na ce, "Jama'ar bayan gidan mai, ku shaida. Ga likitar da ta yi rabin aiki ta ceci murya sukutum. Ga wadda ya kamata a yi wa mutum-mutumi a ƙofar asibiti, ni kuma a yi mini ƙarami a gefe, riƙe da makulli."

Ta ɗaga gilashin motar na gefenta, ta mayar da kai jikin kujera.

Ta ce, "Tana gajiya a ƙarshen magana. Kuma saura gefen hagu, mijin bai yarda ba tukuna. Ta da motar, Auta, mutane na jira na."