Gadon Bayan Jirgi

Gidanmu na Garwa yana daidai inda jiragen soja suke bi. Da hantsi sai kwanukan Iya su hau rawa a ɗaki, kaji su watse, mu kuma mu yar da abin da ke hannunmu mu fita a guje. Sau da yawa kafin mu ɗaga kai jirgin ya wuce. Yaya Hamadu, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini in daina duban inda ƙarar take, in dubi gabanta. Ranar da na fara kama jirgi da idona ta wannan dabarar, tsalle na yi har na faɗa cikin turmi.

Iya kakarmu ce ta wajen uba. Kakanninta fatake ne daga Katsina, amma ita a Garwa aka haife ta, shi ya sa Fulatanci yakan faɗo mata a tsakiyar magana. Sana'arta suyar gyaɗa. Bayan magariba takan hura wuta a tsakar gida, ta ɗora kasko da yashi, ta zauna tana juyawa tana ba mu tatsuniya har a kira lisha. Wutar nan ita ce fitilarmu, kuma a gefenta muke aikinmu. Muna da gwangwanin tumatir da muke jiƙa ƙaro a ciki, mu matsa shi kusa da garwashi ya narke, da shi muke liƙi.

Yaya Hamadu jiragen yaƙi yake ƙerawa. Yakan fere karan dawa da reza, ya yi gangar jiki da tsokar cikin, ya yanka ɓawon siri-siri ya zama ƙusa. Fukafukai daga kwalin sukari. Ba wasa yake yi ba. Ya san tulunan mai biyu da ke rataye a ƙarƙashin fukafukai, ya san bakunan shan iska na dama da hagu, ya san zanen ƙofofin da ƙafafu suke ɓuya a ciki. Yakan kwaɓa toka da ƙaro ya shafe jirgin, saboda launin da muke gani ke nan a sama. Ni kuwa jiragen taurari nake yi, irin waɗanda muke leƙowa a gidan bidiyo na unguwarmu. Gwangwanin sardin ne, da marafan batir, da wayar tsohuwar rediyo. Nawa ba ya buƙatar shaida, tunda babu wanda ya taɓa ganin na gaske balle ya ce na yi kuskure.

"Ƙaramin mijina ya fi ka wayo," in ji Iya. "Shi ƙaryarsa yake ginawa ya huta. Kai kuwa ka ɗauko gaskiya za ka ɗaure ta da kara."

Wata rana Yaya Hamadu ya kai jirginsa mafi kyau lekol, wato makarantar boko, ya ɗaure shi a kan sanda. Yara suka kewaye shi. Sai wani yaro, wanda babansa yake shara a sansanin jiragen, ya karɓa ya juya shi, ya dubi samansa, ya fashe da dariya. Ya ce cikin daidai ne, amma gadon bayan ko kusa. Da aka ce ya faɗi yadda yake, sai ya ce a je a gani.

A nan muka gane abin da bai taɓa zuwa mana a rai ba. Duk shekarun nan daga ƙasa muke kallo. Cikin jirgi kaɗai muka sani. Saman na Yaya Hamadu sumul yake kamar bayan cokali, ko wurin zaman matuƙi babu.

Ya daina cin abinci sosai. Ya yi ta yawo a gefen sansanin har ya gano wani rami a ƙarƙashin waya inda awaki suke kutsawa. Ya ce mini ranar Juma'a, idan mutane sun tafi masallaci, zai shiga ya kwanta a ciyawa, ya ga jiragen a ƙasa. Na san abin da ake faɗa a unguwa game da wayar nan. An taɓa kama wani saurayi da ya bi akuyarsa, ya dawo gida ba ya iya zama, babansa kuma ya yi ta jeka-ka-dawo kafin maganar ta mutu. Masu gadin da bindiga suke tsayuwa. Na faɗa masa haka, ya ce idan na buɗe baki zai take mini jiragena duka. A bayan zana muka yi wannan maganar, mun manta cewa a ɗaya gefen Iya take shanya gyaɗa.

Daren Juma'ar, wato ranar Alhamis bayan magariba, ta hura wuta kamar kullum. Ta dubi Yaya Hamadu da ke zaune nesa yana fere kara ba gaira ba dalili.

"Maigida, matso mana. Ko ka sake ni ne ban sani ba?"

"Na girmi tatsuniya, Iya."

"Kayya! Jiya-jiya nake share maka majina. To zauna can, kunne ai ba shi da ƙofa." Ta juya gyaɗa. "Ga wata nan tafe da ƙafarta, ku ba ta wuri."

"Mun shimfiɗa mata tabarma," na amsa, ni kaɗai.

Ta ce an yi wani masassaƙi a wani gari da ke bakin kogi. Babu tsuntsun da bai sassaƙa ba a kan kujerun mata da hannun ludayi: zabo, hasbiya, balbela, duk kamar su yi kuka. Saura ɗaya, tsattsewa. Ita ba ta sauka a gaban mutum, kullum tana sama tana yankan iska, saboda haka cikinta kawai ya sani. Abin ya hana shi barci. Ya hau kuka, tsattsewa ta ƙara sama. Ya hau dutse, ta ƙara. Ya tambayi shirwa, tunda ita ta fi kowa nisa, shirwa ta ce ita 'yan tsaki take dubawa, ba bayan maƙwabta ba.

Iya ta iya muryar shirwa, ta hanci take yin ta. Na ji Yaya Hamadu ya yi wata 'yar dariya ya haɗiye.

Sai masassaƙi ya dafa danƙo, ya shafe igiya da shi, ya ɗaura a kan hanyar tsuntsayen. Ya kuwa kama ɗaya. Ya rugo da murna, ya sa hannu zai ɓamɓare ta. Tana fizga yana ja, tana fizga yana ja. Kafin ya raba ta da danƙo, gashin bayan duk ya tsige ya manne a yatsunsa. Abin da ya rage a tafinsa ɗan nama ne ja, yana rawa. Ya juya shi sama da ƙasa, babu abin gani. Yatsun kuma suka haɗe, ya daɗe ko gizago ba ya iya riƙewa.

Wutar ta yi ƙasa. Iya ta tura itace, ba ta dubi kowa ba.

Ta ce yana zaune a bakin ruwa yana jiƙa hannunsa, sai wata tsohuwa mai wanki ta tambaye shi damuwarsa. Da ya faɗa mata, sai ta ce: "Kai da kake binta tun bara, ka san inda take kwana?" Ya ce bai taɓa tambaya ba. Ta nuna masa wata gaɓa mai ramuka a ƙetare. Ta ce duk abin da ke sama, in zai koma gida sai ya karkata, in ya karkata kuwa da kansa zai nuna bayansa. Masassaƙi ya je ya zauna a gefe, hannu wofi. Da rana ta yi sanyi tsattsewa suka taho, suka kwanto da fiffike ɗaya za su shiga ramukansu. Sai ga bayan nan, baƙi mai sheƙin shuɗi, kamar rinin da ya sha bugu.

"Nan ta tsaya," in ji Iya. "Wanda ya tsinci ƙarya a ciki ya watsa wa kaji."

"Iya, jirgi ba tsuntsu ba ne," in ji Yaya Hamadu. Ban san lokacin da ya matso ba.

"Jirgi? Wa ya ambaci jirgi? Ƙaramin miji, ka ji na ce jirgi?"

"Ba ki ce ba."

"To ka ji. Miƙo mini rariya."

Na miƙa mata. Da muka shiga ɗaki na ji Yaya Hamadu yana juyi, can sai ya zungure ni. Ya ce ko na lura cewa idan jiragen za su dawo da la'asar, ta kan kogi suke zagayowa? Ya ce mu wawaye ne, kullum ƙarƙashinsu muke rugawa.

Ranar Juma'a ya bi Baba masallaci. Ina bayansu ina kallon ƙeyarsa, ban yarda ba sai da na ga ya tayar da kabbara. Da la'asar muka nufi kogin Binuwai a guje. Mun tsaya a bakin gada ta ɓangaren gari, muka jira har muka gaji. Da jirgin ya zo ya karkata, sai ya ƙara nuna mana cikin nan da muka haddace. Na kusa kuka. Yaya Hamadu ya miƙa tafin hannunsa, ya karkata shi, ya zagaya shi ya duba. Ya ce mun tsaya a bayan kwanar ne, dole mu shiga cikinta. Washegari babu jirgi. Ranar da ta biyo ma haka. Muka ci gaba da zuwa, muna ƙetare gada, muna bin gonakin albasa har wani tudu da masunta suke shanya taru.

Ranar da abin ya faru, biyu ne suka taho tare, ƙasa-ƙasa, rana tana bayanmu. Na farko ya kwanto da fiffikensa na hagu, sannu a hankali, kamar mai buɗe mana faifai.

Kore ne! Kore da ruwan ƙasa, dabbare-dabbare kamar jikin ƙadangare. A gaba ga wani dogon gilashi yana walƙiya, a cikinsa kawuna biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Mutum biyu! Mu da muke zaton ɗaya ne.

"Ka gani? Ka gani?" Yaya Hamadu yana dukan bayana yana ihu. Na biyun ya biyo ya yi yadda na farko ya yi, kamar don kada mu ce mafarki ne. Masunta suka tsaya suna kallonmu. Wani ya tambaya da Fulatanci ko kunama ce ta harbe mu.

Da gudu muka koma, takalmina ɗaya a hannu. A daren muka daka ganyen lalle muka kwaɓa da ƙaro, muka tankaɗe jar ƙasa. Gilashin kuwa, ledar ƙwayar maganin Iya muka yanka, ta zauna daram. Saura matuƙa. Iya ta tsamo gyaɗa biyu daga kasko, ta hura musu iska, ta miƙa.

"Ga sojojinka. Kada ka cinye su a bakin aiki."

"Useko, Iya."

"Yau kuma ni ce da godiya? Allah ya sa ba zazzaɓi ba ne."

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin dabarar tsohuwa, wadda ta raba jikanta da wayar sojoji ba tare da ta kai ƙara wajen Baba ba. Hakan ne ma. Sai bara na ga sauran abin da ke cikinta.

Yaya Hamadu bai yi nisa a lekol ba. Baba ya sa shi a shago, daga baya ya koma garin Tuboro yana harkar auduga da shanu. Ya zama mutum mai shiru. Buhun masara yakan iso, kayan sallar yara su iso, amma shi ba ya isowa. In ka tambaye shi lafiya, ya ce alhamdulillahi, maganar ta ƙare. Ni ƙane ne, abin da ƙane yake gani shi na gani: mai ɗauka, mai bayarwa, wanda ba ya gajiya. Da ciwo ya kama shi aka dawo da shi Garwa, ɗakin Iya na da muka gyara masa. Ina zuwa in zauna kawai. A makonnin nan, ba tare da na tambaya ba, ya gaya mini cewa ranar da aka cire shi daga lekol ya je bakin kogi ya yi kuka har dare. Ya gaya mini bai taɓa son kasuwanci ba. Ya ce yana jin tsoro. Na yi shekara arba'in ina ƙaninsa, ban san yana da waɗannan a jikinsa ba. Na gode wa Allah da na gani, ko da yake na san dalilin da ya sa ake nuna mini.

Ya bar ɗa guda, Nasiru, yana hannuna yanzu. Tun ranar jana'iza yaron bai ambaci babansa ba. In ya dawo daga makaranta sai ya shige ɗaki, ya buɗe hoto a waya, ya yi ta yankan kwali da robobin shamfu yana haɗa wani babban jirgin sararin sama mai zobe a tsakiya. Matata ta ce in zaunar da shi in tambaye shi abin da ke ransa. Na ce a'a. Na sayo masa gam mai kyau, na ɗauki tabarmata na shimfiɗa a bakin ƙofarsa, nakan zauna ina jan carbi.

Shekaranjiya, bai ɗago kai ba, ya ce: "Baffa, riƙe mini nan." Na shiga na riƙe zoben da yatsu biyu, yana shafa gam. Muka tsaya muna jira ya kama. Can ya ce, "Baba ya ce kai ka fi shi iya irin wannan. Ya ce bai taɓa gaya maka ba."

 Gam ɗin ya daɗe da bushewa, amma bai ce in saki ba, ni ma ban saki ba.